Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Gudun Hijira Ya Riƙa Kwashe Wa Kaduna Gwanayenta

Idan aka ce ɗan gudun hijira, abin da kan fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne hoton mace da goyo da ƙunshin kaya a ka, ko kuwa tsoho zaune a gindin bishiya yana jiran a miƙo masa kwanon abinci. Haka muke gani a talabijin, haka kuma 'yan fim kan nuna shi. To amma ba kasafai mukan tuna cewa a cikin wannan ayarin akwai direban jirgin ƙasa da bakanike da malamar asibiti da tela da akawu da mai gyaran rediyo ba. Kowanne daga cikinsu in ya tashi, da sana'arsa yake tashi. Garin da ya baro kuwa sai ya wayi gari injin ya tsaya babu mai tayar da shi, yaron shago kuma babu mai ƙarasa koya masa aiki.

Kaduna ta ga irin wannan fiye da sau ɗaya. A duk lokacin da abin ya faru, hukuma takan ƙirga gawawwaki da gidajen da aka ƙone, ta raba shinkafa da barguna. Hannuwan da gari ya rasa ne ba a cika ƙirgawa ba. Bari mu bi tarihin daki-daki, mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci.

GARIN DA BAƘI SUKA GINA

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina ko Zariya, ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi. Ƙauyukan Gbagyi ne a yankin kafin Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, saboda ruwan kogi da kuma hanyar jirgin ƙasa. Sojoji suka fara sauka a 1913, sannan aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Bayan shekaru kaɗan sai layin dogo na Gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗu da na Legas zuwa Kano a nan Kaduna.

Sabon gari na buƙatar magina da kafintoci da akawuna da masu buga waya, ga shi kuma a lokacin makarantun boko ba su yi yawa a Arewa ba. Saboda haka jirgin da ya kawo siminti da kwano shi ya kawo ma'aikatan: Yarabawa da Ibo da mutanen Benin da Kalaba, har da na Saliyo da Gana. Hausawa da Nufawa da Barebari suka zo da fatauci da dako da fawa da aikin soja. Har gobe sunayen wurare a arewacin kogin na ba da wannan labari. Ga Titin Legas, ga Titin Ibadan da na Abekuta da na Warri, ga Titin Yarabawa, ga Titin Kano da na Katsina. Ga Unguwar Kanawa, ga Tudun Nufawa, ga Kabala Costain wadda ta samo sunanta daga wani kamfanin gine-gine na Turawa. A Kaduna kusan kowa na da garin da ake ce masa ɗan can ne.

Da mulkin kai ya gabato, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiya a 1954, ya lura cewa in Turawa suka tafi, ofisoshin Jihar Arewa za su koma hannun 'yan Kudu. Shi ya sa gwamnatinsa ta fito da manufar bai wa ɗan Arewa fifiko: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ɗauka, in babu a ɗauko Bature ko wani ɗan ƙasar waje a kan kwantaragi na ɗan lokaci, ɗan Kudu sai in ya zama dole. Aka dage wajen horar da yara a Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, aka kuma buɗe makarantar koyon fasaha a Kaduna a 1956.

Sai dai wannan manufa ta tsaya ne a ma'aikatun Jihar Arewa. Reluwe da gidan waya da kamfanin lantarki na Gwamnatin Tarayya ne, bankuna da manyan kantuna kuma na 'yan kasuwa ne. A waɗannan wurare 'yan Kudu, musamman mutanen Gabas, su ne ke riƙe da yawancin aikin hannu da na alƙalami. Da yawansu ma a Arewa aka haife su, Hausa suke yi kamar jakin Kano.

SHEKARAR 1966

A daren 15 ga Janairu, 1966, Manjo Chukwuma Nzeogwu ya jagoranci sojojin da suka kashe Sardauna a gidansa da ke Kaduna, inda Gidan Arewa yake a yanzu. Wani abin al'ajabi shi ne Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, har abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan garin. A watan Mayu Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34, wadda ta rushe tsarin jihohi ta kuma nufi haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ma'aikatan Arewa suka ga duk abin da Sardauna ya gina zai tashi a banza. Zanga-zangar ‘a raba’ ta ɓarke a ƙarshen watan, aka kashe 'yan Gabas a garuruwa da dama. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin mulki na ramuwar gayya.

Mafi munin abin ya zo ne a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, bayan da Rediyon Kaduna ya maimaita wani labari na gidan rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Masana tarihi sun sha bamban a kan yawan waɗanda suka mutu a rikice-rikicen wannan shekara, lissafinsu ya kama daga 8,000 zuwa 30,000. Waɗanda suka gudu zuwa Gabas kuwa sun haura miliyan ɗaya. Jiragen ƙasa suka riƙa tashi daga Kaduna maƙil da mutane, wasu ko takalmi babu. Akwai kuma Hausawa da yawa da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu har ƙura ta lafa. A can Gabas ma an kashe 'yan Arewa, sannan a watan Oktoba Gwamna Ojukwu ya ce duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya fice, domin ba zai iya lamunce tsaronsa ba. Fatake da mahauta da suka shekara da shekaru a Anaca da Aba da Inugu suka dawo gida hannu rabbana.

Cikin 'yan makonni Arewa ta rasa ɗimbin direbobin jirgi da masu kula da tasha da masu gyaran layin tarho da ma'aikatan lantarki da na asibiti. Zirga-zirgar jirgin ƙasa ta gurgunce, ga taragai da kawunan jirgi da dama sun maƙale a Gabas, ga gyaɗa jibge a Kano tana jiran a kai ta bakin teku. Gwamnan Arewa na lokacin, Hassan Usman Katsina, da manyan ma'aikatansa sai suka shiga cike gurbi da gaggawa. Wanda jiya yake ƙaramin ma'aikaci yau aka ɗora masa aikin maigidansa. Aka riƙa ba da horo na 'yan watanni a kan aikin da a da sai an shekara da shekaru ana koyo. A shekarun da suka biyo baya aka yi ta ɗauko malamai da likitoci daga Indiya da Fakistan da Masar. A 1968 aka ɗaga makarantar fasahar nan ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Foliteknik.

Gaskiya ne wannan ya buɗe wa samarin Arewa da dama ƙofa, kuma da yawansu sun riƙe amanar. To amma ƙwarewa ba riga ba ce da za a cire daga jikin wani a sa wa wani. Gogaggen bakanike yakan gane ciwon injin daga jin ƙararsa kawai, wannan kuwa ba a koyar da shi a wata shida.

ME HUKUMA TA YI WA MASU GUDUN?

A Gabas gwamnati ta kafa hukumar sake tsugunar da waɗanda suka dawo, amma dangi da ƙauyuka ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. A taron Aburi da aka yi a Gana ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967, shugabannin soja sun amince a ci gaba da biyan albashin ma'aikatan da suka bar wuraren aikinsu har zuwa 31 ga Maris na shekarar. Jayayya a kan cika wannan alƙawari na daga cikin abubuwan da suka ƙara dagula al'amari tsakanin Legas da Inugu. Mai karatu ya lura da abu guda: maganar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta albashi da dukiya. Yadda mutum zai koma bakin aikinsa a Kaduna ya kwana da ido biyu rufe, wannan babu wanda ya iya ba da tabbacinsa. Yaƙi ya ɓarke a watan Yulin 1967.

Ana cikin haka Kaduna ta sake yin wata asarar, wannan karon ba da bindiga ba. Ƙirƙiro jihohi 12 da Janar Gowon ya yi ranar 27 ga Mayu, 1967 ya raba Arewa gida shida. Da jihohin suka fara aiki sosai a 1968, sai aka rarraba ma'aikatan da Sardauna ya tara a Kaduna zuwa Sakkwato da Kano da Maiduguri da Jos da Ilori, kowa ya nufi jiharsa. Garin da yake hedikwatar fiye da rabin faɗin Nijeriya ya koma hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya kawai.

Yaƙin ya ƙare a watan Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Mutanen Gabas sun sha wuya wajen farfaɗowa, domin duk wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, komai yawansu, fam 20 aka ba shi. A Fatakwal an ayyana gidajensu da yawa a matsayin dukiyar da aka yasar, maganar da har yau ba ta mutu ba. A nan kuwa dole a yaba wa Arewa. A Kaduna da Kano da sauran garuruwa an kafa kwamitocin kula da gidajen waɗanda suka gudu, kuma da yawa da suka dawo sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara masu. Wannan ne ya sa Ibo suka dawo Arewa da sauri fiye da yadda aka zata. Sai dai yawancinsu sun tarar an cike gurabensu a ofis, don haka suka karkata ga kasuwanci: kayan gyaran mota, kayan gini, magunguna da kayan lantarki. Darasin a fili yake. Mutum na dawowa inda ya tabbata ba a cinye masa haƙƙi ba.

RANAR DA KOGI YA ZAMA IYAKA

Daga 1970 zuwa wajen 1990 Kaduna ta sake cika ta batse. Masaƙun Kakuri, irin su KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL da Arewa Textiles, suna aiki dare da rana. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Ma'aikacin masaƙa zai kwana a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, da asuba ya tsallaka gada zuwa aiki, kuma a gidan haya ɗaya za ka sami Musulmi da Kirista suna layin famfo tare.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, zanga-zangar da Kiristoci suka shirya don nuna ƙin amincewa da shirin ƙaddamar da Shari'a a jihar ta rikiɗe ta koma faɗa. Aka kwana uku ana kashe-kashe da ƙone-ƙone, aka kuma sake a watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ce mutum 1,295 ne suka mutu, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch kuma ta ce aƙalla 2,000 ne. Dubban mutane suka fake a barikokin soja da na 'yan sanda. Da gawawwaki suka isa Gabas, sai aka huce a kan 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwa, tamkar dai 1966 ta dawo.

Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi ya yi ƙoƙari ta fuskar siyasa. Ya ƙirƙiro sababbin masarautu, ya kuma fito da tsarin kotuna uku, na Shari'a da na al'ada da na majistare. Ranar 22 ga Agusta, 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, aikin da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka taka rawa a cikinsa. Su ne waɗanda aka yi fim ɗin gaskiya a kansu mai suna The Imam and the Pastor a 2006. Amma wata uku kacal bayan yarjejeniyar, a Nuwamba 2002, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tashi sanadiyyar wani rubutu na ɓatanci a jaridar ThisDay, aka sake rasa rayuka wajen 250.

Daga nan ne mutane suka yanke wa kansu hukunci. Kiristocin da ke Rigasa da Tudun Wada da Kawo da makamantansu suka kwashe zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora. Musulmin da ke waɗancan unguwanni suka tsallako Rigasa da Unguwar Dosa da Badarawa da Hayin Banki. Wasu suka sayar da gida da arha, wasu suka yi musaya, gida da gida. Har aka riƙa yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Ƙudus. Rabuwar ba ta zama ɗari bisa ɗari ba, domin akwai sauran cuɗanya a wurare irin su Barnawa da Malali da Unguwar Rimi. Amma dai babu wata hukuma da ta zana wannan taswira. Tsoro ne ya zana ta.

Wanda ke da takardu ko jari kuwa bai tsaya a gada ba. Abuja, wadda ta zama hedikwatar ƙasa a Disambar 1991, tafiyar awa biyu ce kawai. Likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da 'yan kwangila da dama can suka nufa, wasu kuma suka koma jihohinsu. A daidai wannan lokaci masaƙu suka shiga durƙushewa saboda matsalar wutar lantarki da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Masu sarrafa injinan saƙa da rini suka koma acaɓa da gadi, sana'ar da suka ƙware a kai ta tafi ke nan.

Asarar da ba a gani ita ce ta koyon sana'a. Duk wanda ya san kasuwar Panteka ya san cewa walda da ƙira da kafinta daga hannu zuwa hannu suke tafiya, yaro na kallon maigida. In uba na tsoron tura ɗansa garejin da ke ƙetaren kogi, to an yanke wannan igiya.

DOKA BA TA SAN SU BA

A dokar duniya, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afrika ta 1969, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira da Nijeriya ta kafa a 1989 don irin waɗannan aka yi ta. Wanda ya tsallaka gadar Kaduna bai tsallaka iyakar kowace ƙasa ba, saboda haka a 2000 abin da ya rage masa shi ne agajin gaggawa, irin na hukumar NEMA da aka kafa a 1999.

An ga illar wannan giɓi bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, lokacin da aka kwaso waɗanda suka tsira daga Zonkwa da kewayenta aka sauke su a sansanin alhazai na Mando. Wurin da aka gina don maniyyata su kwana biyu kafin su hau jirgi, sai ga mutane sun shafe fiye da shekara a ciki. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu a 2012, amma sai a 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan lamarin. Daga 1966 zuwa 2021 shekara 55 ke nan.

DARASI DAGA ƘASAR INDIYA

Masu sha'awar finafinan Indiya na da misali a hannunsu. Da aka raba Indiya da Fakistan a 1947, mutane wajen miliyan 15 suka bar gidajensu. Birnin Lahore, wanda ya faɗa ɓangaren Fakistan, yana da masana'antar fim mai ƙarfi a lokacin. Cikin waɗanda suka bar shi akwai B.R. Chopra, yayan Yash Chopra, da kuma Pran, shahararren mugun nan na finafinai, wanda a Lahore ya fara fitowa a fim. Iyalan su Sunil Dutt da Rajendra Kumar ma gudun hijira suka yi. Bombay ta karɓe su, kowa ya ga abin da suka zama. Ita kuma mawaƙiya Noor Jehan ta bar Bombay ta koma Fakistan, Indiya ta yi asararta.

Gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum don sake tsugunar da masu gudun, ta gina garuruwa irin su Faridabad da Nilokheri inda aka haɗa matsuguni da wuraren koyon sana'a da masana'antu. Ba a ce komai ya tafi daidai ba, an sha wahala matuƙa. Amma an tambayi mai gudun abin da ya iya yi, ba a tsaya ga abin da zai ci kawai ba.

SAI GA 'YAN FIM A KADUNA

'Yan fim ɗin Hausa ma sun ɗanɗani ɗan ƙaramin misalin wannan, duk da cewa nasu bai kai ga zubar da jini ba. Bayan abin kunyar da ya girgiza masana'antar a watan Agustan 2007, Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida, aka ɗaure Adam A. Zango a shekarar, aka kuma ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Furodusoshi da daraktoci da masu ɗaukar hoto da mawaƙa da dama suka tattara kyamarori da kwamfutocinsu suka nufi Kaduna da Jos da Abuja. Kaduna dama ba baƙuwar harkar ba ce, garin su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama ne, Allah ya jiƙansu. A wannan karon ita ce ta ci riba, masu otal da masu haya da masu abinci duk sun shaida. Da al'amura suka sassauta a Kano, da yawa suka koma, wasu kuma suka yi zamansu.

Mai sana'a a hannu kamar tsuntsu yake, inda ya ga rassa sun natsu nan yake sauka. Har yanzu mutane na shigowa Kaduna daga Birnin Gwari da Zamfara da Barno, suna raɓewa wurin dangi a Rigasa da Mando da Rafin Guza, kuma a cikinsu akwai maƙera da malamai da manoma da masu ɗinki. Ya kamata duk mai rubuta sunayensu ya ƙara layi ɗaya a takardarsa, ya tambayi sana'ar kowa. Marubutanmu da 'yan fim kuma ga labari nan jibge a ƙofar gida: maƙwabtan da suka yi musayar gida, maigidan da ya bar yaran shagonsa a ƙetaren kogi, dattijon da ya ajiye wa abokinsa kuɗin haya har ya dawo daga yaƙi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da Kaduna da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.